Rai Guda Ne, Ko A Ciki Ko A Goye

  

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, duk wanda ya saba zama a rumfunan Kantin Kwari, ko a bakin shagunan da ke jere a Titin Ibrahim Taiwo bayan an idar da sallar La'asar, ya san wata gardama wadda ba ta tsufa. Da zarar zaɓen Amurka ya ƙarato sai majalisa ta rabu gida biyu. Wasu su ce jam'iyyar Rifablikan ta fi kusa da mu, domin ita ce ke yaƙi da zubar da ciki, take kuma kare martabar aure da iyali. Wasu su ce a'a, 'yan Dimokurat sun fi sassauci ga Musulmi, sun kuma fi jin tausayin Falasɗinawa. Idan mutum ya taka zuwa Sabon Gari zai tarar da gardamar da wata fuska, domin da yawa daga maƙwabtanmu Kirista suna ganin ƙin zubar da ciki da goyon bayan Isra'ila igiya ɗaya ce ta ɗaure su a addini. Mun ga ya dace mu tsaya a kan wannan batu a fitowa ta wannan wata, saboda hukuncin da ake yankewa a waccan ƙasa mai nisa yana iso mu har ɗakin haihuwa, yana kuma iso wakilanmu har zauren Majalisar Ɗinkin Duniya.

Bari mu fara da wani wata guda, wato Maris na shekarar 2010. A wannan wata ne gwamnatin Barack Obama ta yi ta faɗi-tashin ganin majalisa ta amince da babbar dokarta ta inshorar lafiya. Abin da ya kusa kayar da dokar shi ne tambaya guda: shin kuɗin gwamnati zai iya shiga aikin zubar da ciki? Wasu 'yan majalisar wakilai daga jam'iyyar shugaban kansa, ƙarƙashin jagorancin Bart Stupak na jihar Michigan, suka kafe cewa ba za su ba da ƙuri'a ba sai an toshe wannan ƙofa. Sai da shugaban ya yi musu alkawarin umurni na musamman sannan dokar ta tsallake a ranar 21 ga wata, da ƙuri'a 219 a kan 212. Ya sa mata hannu ranar 23, ya sa wa umurnin hana kuɗin zubar da ciki hannu ranar 24.

A cikin wannan wata dai, a ranar 9, yayin da mataimakin shugaban ƙasa Joe Biden ke ziyara a can, Isra'ila ta ba da sanarwar gina gidaje 1,600 na 'yan kama-wuri-zauna a gabashin Birnin Ƙudus, a kan ƙasar da ta mamaye tun 1967. Amurka ta yi fushi na baki, jaridu suka yi ta yayata cewa zumunci ya yi tsami. A ranar da aka sa wa dokar lafiya hannu, a ranar ne Firayim Minista Benjamin Netanyahu ya shiga fadar shugaban Amurka. Amma ko sisin kwabo ba a rage daga kuɗin makamai ba, babu kuma wani gungun 'yan majalisa da ya ce zai riƙe ƙuri'arsa har sai an daina rushe gidajen Falasɗinawa. Shekara shida bayan haka, a Satumban 2016, gwamnatin Obama ta ƙulla yarjejeniyar bai wa Isra'ila dala biliyan 38 na taimakon soja cikin shekara goma, wato biliyan 3.8 kowace shekara daga 2019 zuwa 2028.

Wannan tsantseni da suke yi da kuɗin zubar da ciki ya daɗe. Tun 1973 gyaran dokar da ake kira Helms ya hana a yi amfani da kuɗin taimakon ƙasashen waje wajen zubar da ciki a matsayin hanyar tsara iyali. A 1976 gyaran dokar Hyde ya hana hakan a cikin gida, in ban da inda rayuwar uwa ke cikin haɗari, daga baya aka ƙara fyaɗe da cikin da muharrami ya yi. A 1984 Ronald Reagan ya kawo wata ƙa'ida a taron birnin Meziko, cewa duk ƙungiyar waje da ke karɓar kuɗin Amurka na tsara iyali ba za ta yi aikin zubar da ciki ko ta yi kira gare shi ba, ko da da kuɗinta ne. Tun daga nan ƙa'idar ta zama rigar da ake sawa ana tuɓewa: Clinton ya soke ta a 1993, Bush ya mayar a 2001, Obama ya soke a 2009, Trump ya mayar ya kuma faɗaɗa ta a 2017, Biden ya soke a 2021, Trump ya sake mayarwa a Janairun 2025. Ashe ke nan abin da za a gaya wa mace a wani ƙaramin asibiti a Afirka ya rataya a kan wanda ya ci zaɓe a wata nahiya.

To, a kan ɗan tayi jam'iyyun nan biyu ba sa ga-maciji. Amma da an zo kan ɗan Bafalasɗine sai ka tarar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Trump ne ya mayar da ofishin jakadancin ƙasarsa Birnin Ƙudus a Mayun 2018, ya kuma yanke tallafin hukumar UNRWA mai kula da makarantu da asibitocin 'yan gudun hijirar Falasɗinu a wannan shekarar. Biden ne kuma ke kan mulki lokacin da aka fara luguden wuta a Zirin Gaza a Oktoban 2023, kuma masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka sun ƙiyasta cewa a shekarar farko ta yaƙin kaɗai an bai wa Isra'ila taimakon soja na aƙalla dala biliyan 17.9. Gwamnatinsa ta hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu a kan ƙudurorin tsagaita wuta a Disamban 2023 da Fabrairun 2024 da Nuwamban 2024, wadda ta gaje ta kuma ta maimaita hakan a Yuni da Satumban 2025. Zuwa watan Yulin 2025 ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ƙirga mamata sama da 60,000, dubbai daga cikinsu yara ƙanana.

Akwai misali guda da ya ishi mai hankali. A farkon yaƙin, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a ya ce akwai mata masu juna biyu kimanin 50,000 a Gaza. A Nuwamban 2023 duniya ta ga hotunan bakwaini a asibitin Shifa an ciro su daga kwalabensu saboda wuta ta ɗauke, an jera su a gado guda ana neman abin ɗumama su. A Disamba kuma harsashin igwa ya faɗa kan cibiyar Al-Basma, babbar cibiyar taimaka wa ma'auratan da ba su samu haihuwa ba, ya lalata ƙwayayen 'yan tayi kimanin 4,000 da aka adana cikin sanyi. Wata biyu kacal bayan haka, a Fabrairun 2024, kotun ƙoli ta jihar Alabama a Amurka ta yanke hukuncin cewa irin waɗannan ƙwayaye da aka daskarar 'ya'ya ne a idon doka. Mutanen da suka yi murna da hukuncin Alabama, da yawansu su ne suka fi kowa ɗaga murya a ƙara wa Isra'ila makamai. Ina mizanin yake? Ɗan tayin Alabama mutum ne, na Gaza kuwa ɓaraguzai?

Haka nan ɗaya ɓangaren bai kuɓuta ba. Waɗanda ke cewa suna kare haƙƙin mace a kan jikinta, suna kashe ƙarfinsu wajen ganin an buɗe ƙofar zubar da ciki a ƙasashenmu, gwamnatinsu ce ta ci gaba da aika bama-bamai alhali matan Gaza na haihuwa a tantuna, likitoci na ba da labarin tiyatar da aka yi ba isasshiyar allurar kashe zafi. Don haka amsarmu ga majalisar Kantin Kwari ita ce, babu namu a cikin biyun. Adalci kuma ya sa mu faɗa cewa a cikin Amurkawa, har da Yahudawa da Kirista, akwai waɗanda suka fito titi suka la'anci wannan kisa, wasu suka rasa ayyukansu, wasu ɗalibai aka kore su daga jami'o'i. Rigimarmu da zalunci ce da masu ɗaure masa gindi, ba da wani jinsi ko ƙabila ba.

Mu Musulmi mizaninmu ɗaya ne. Alƙur'ani mai girma, a Suratul An'am da Suratul Isra'i, ya hana kashe 'ya'ya saboda talauci ko tsoron talauci, a Suratul Ma'ida kuma ya daidaita kashe rai guda ba da haƙƙi ba da kashe mutane baki ɗaya. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.), wanda kowane ɗalibin Arba'una ya haddace, ya bayyana matakan halitta a mahaifa kwana arba'in-arba'in har zuwa busa rai, daga nan malamai suka fitar da kwana 120. Sun haɗu a kan haramcin zubar da ciki bayan busa rai, sai fa inda likitoci amintattu suka tabbatar barinsa zai halaka uwa, a nan sai a ceci tushe. Kafin busa rai akwai saɓani tsakanin mazhabobi, mashhurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya kuwa shi ne hani tun daga lokacin da mahaifa ta kama. Shari'a ta ma sanya wa ɗan tayi diyya tasa, wadda ake kira gurra, Risala ta ƙimanta ta da dinari 50, wato ushirin diyyar uwarsa. Shari'ar da ta yi wannan tsantseni a kan wanda bai fito duniya ba, ita ce ta hana kashe mata da yara da tsofaffi da masu ibada a fagen yaƙi. Saboda haka muna faɗa ba tare da kwana-kwana ba: jaririn Gaza rai ne, yaran da matan da aka kashe ko aka yi garkuwa da su a kudancin Isra'ila ranar 7 ga Oktoban 2023 su ma rayuka ne, kuma mamayar da ta haifi wannan masifa ba ta halatta jininsu ba, kamar yadda jininsu bai halatta rushe Gaza a kan mutanenta ba. Wanda ya yarda rai na da daraja a wani wuri ba shi da ita a wani, ya ɗauki mizanin da muke zargin wasu da shi.

Yanzu sai mu dawo gida, domin laifi tudu ne. A Nijeriya doka ta hana zubar da ciki. A Arewa, sashe na 232 na kundin Penal Code ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, sai dai in an yi domin ceton ran uwa. An sha yunƙurin sassauta wannan. A 1981 an kai ƙuduri majalisar tarayya, ya faɗi saboda adawar ƙungiyoyin addini da na mata. A 2013 gwamnatin jihar Imo ta janye wani sashe na dokarta bayan cocin Katolika ya tashi tsaye. A 2022 gwamnatin Legas ta fitar da ƙa'idojin zubar da ciki ga asibitocinta, ba a yi wata guda ba ta dakatar da su. Duk lokacin da aka taɓo wannan ƙofa mukan farka, mimbarori su ɗauka, a yi nasara, kuma muna gode wa Allah a kan haka.

Amma ina wannan himma take idan aka zo batun raya uwa da abin da ke cikinta? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in duk waɗanda suka rasu ta wannan hanya a duniya. Wannan ya haura mace 200 a kowace rana, kuma kaso mafi tsoka daga Arewa yake. Ba jirgin yaƙi ne ya kashe su ba. Zubar jini ne, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da rashin ledar jini guda, da rashin kuɗin mota cikin dare, da jiran maigida ya dawo ya ba da izini. Sau da yawa kuma uwa kan tafi da abin da ke cikinta, a yi jana'iza guda ta rai biyu. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. Gwamnatin tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cika shi ba, yawanci tana yawo ne a wajen kashi 5. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shafe kusan shekara goma tana kai-komo kafin shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a Oktoban 2014. Ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sanya kuɗin. A tsawon waɗannan shekaru huɗu, huɗuba nawa muka ji a kan wannan? Takardar koke nawa muka kai majalisa? Mun iya cewa kada a kashe, ba mu koyi cewa a biya kuɗin rayarwa ba.

Giɓin da muka bari shi baƙi suka cike. Shekara da shekaru maganin ƙanjamau da gidan sauro da allurar rigakafi da abincin yara masu tamowa suna zuwa ne da kuɗin waje, Amurka kaɗai ta ce ta kashe sama da dala miliyan 600 a harkar lafiyar Nijeriya a 2023. Ba mu raina alheri, rayuka da yawa sun tsira ta wannan hanya. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. A Janairun 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon waje, a tsakiyar shekara ta rufe hukumarta ta USAID. Majalisar tarayya ta yi gaggawar ƙara kimanin dala miliyan 200 a kasafin lafiya don rage raɗaɗi. A Yulin 2025 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun rasu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida, ta kuma ambaci yanke tallafin ƙasashen waje cikin dalilan. Ba a shawarce mu ba ranar da aka fara bayarwa, ba a shawarce mu ba ranar da aka daina.

A nan ne batutuwan biyu suka haɗu, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙasar da ba ta iya sayen maganin matanta ba, muryarta ba ta fita sosai a taron ƙasashe. A Disamban 2017, da za a kaɗa ƙuri'a a babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a kan matsayin Birnin Ƙudus, shugaban Amurka ya fito fili ya yi barazanar yanke taimako ga ƙasashen da suka saɓa masa. Alhamdu lillahi a wannan karo Nijeriya na cikin ƙasashe 128 da suka tsaya a kan gaskiya. Amma ba kullum muke tsayawa ba. A ranar 30 ga Disamban 2014 an kawo ƙuduri Kwamitin Sulhu na sanya wa'adin kawo ƙarshen mamaya. Ana neman ƙuri'a 9, aka samu 8. Nijeriya, wadda ta amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988, ta yi rowar ƙuri'arta, alhali maƙwabciyarmu Chadi, wadda ba ta kai mu arziki ba, ta ba da tata. Gaskiya ne ko an samu taran Amurka za ta hau kujerar na-ƙi, amma mu ne muka hutar da ita wannan kunya, har Netanyahu ya fito ya yi wa shugabanmu godiya.

Magabata sun fi mu fahimtar wannan. A 1960, da gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniyar rance da Isra'ila, gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta nesanta kanta da ita, a lokacin da Arewa ke matuƙar bukatar kowane fam. A Oktoban 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon, wanda Kirista ne, ta yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila tare da sauran ƙasashen Afirka, ba a mayar ba sai a 1992 zamanin Janar Ibrahim Babangida. Wannan ya nuna cewa tsayawa tare da wanda aka ƙwace wa ƙasa ba mallakin addini guda ba ne a tarihin ƙasar nan.

Dogaro da wani yana da wata illa kuma, ita ce yakan bar mutum tsakanin karɓa ido rufe da ƙi ido rufe. Mutanen Fagge da Sabon Gari ba sa bukatar a ba su labari. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, a Asibitin Zana da ke nan kusa da mu kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, gwajin da ya shafi yara kimanin 200, 11 suka rasu. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tabon wannan na cikin abin da ya sa a 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a jihar nan bisa zargin yana hana haihuwa, aka koma a 2004 bayan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, ta kuma nakasa 'ya'yanmu. A karon farko mun cutu saboda ba mu da masu bincikenmu da za su tsaya a kan abin da ake ba yaranmu, a karo na biyu mun cutu saboda ba mu da waɗanda muka amince wa su gaya mana cewa maganin lafiyayye ne. Maganin duka biyun ɗaya ne, mu mallaki likitocinmu da ɗakunan gwajinmu da kuɗinmu.

Akwai kuma abin da muke jin nauyin faɗa. Doka ta hana, amma zubar da ciki na gudana a ɓoye a garin nan, a bayan wasu kemis, a ɗakunan likitocin bogi, da ƙwayoyi da sauyoyi. Yarinya ta yi kuskure ko an yi mata fin ƙarfi, wanda ya yi cikin ya zame ya shiga sahun gaba a masallaci, iyaye su fi tsoron bakin unguwa a kan tsoron Allah, sai a kai ta inda za ta rasa ɗan ta kuma rasa ranta, ko a wayi gari a tsinci jariri a kwata. Ba majalisar Amurka ce ta ba da kuɗin wannan ba. Tsadar aure ce da muka ƙirƙira, da tallan da muke ɗora wa 'yan mata har dare, da al'adar da ke jifan mace ta kyale namiji.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa da abubuwa kamar haka. Na farko, kowane reshe da kowane kwamitin masallaci ya buɗe asusun haihuwa, ya kuma rubuta sunayen matasa masu lafiya da rukunin jininsu, domin kada wata mace a unguwarmu ta rasu ana neman mai ba da jini. Na biyu, attajiranmu na Kwari da Singa da Sabon Gari su tuna cewa waƙafi bai tsaya ga ginin masallaci ba; ɗakin haihuwa da motar ɗaukar mai naƙuda da ɗaukar nauyin karatun 'ya'ya mata a fannin likita da ungozoma duk sadaka ce mai gudana, Hukumar Zakka da Hubusi kuma ta ba wannan fifiko. Na uku, masu ilimin zamani a cikinmu su bi diddigin kasafin lafiya na tarayya da na jiha, da Asusun Amana na Lafiya da Kano ta kafa a 2017, da shirin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi da gwamnatin tarayya ta sanar a Nuwamban 2024, su riƙa gaya wa jama'a abin da aka rubuta da abin da aka saki, domin ware kuɗi a takarda daban, isarsu asibiti daban. Na huɗu, magidanta su bar matansu zuwa awo, su kuma ba su izini tun kafin ranar, cewa in naƙuda ta zo ba sai an jira kowa ba. Na biyar, iyaye da malamai su buɗe ƙofar tuba da sutura ga wadda ta yi kuskure, a kuma tilasta wa namiji ɗaukar nauyin abin da ya aikata ta hanyar hukuma.

Game da Falasɗinu kuwa, kada tsagaita wutar da aka ƙulla a Oktoban 2025 ta sa mu ɗauka magana ta ƙare, domin mamaya na nan, asibitocin da aka rusa kuma ba a dare ɗaya za su tashi ba. Mu dage da addu'a, mu ba da taimako ta hannun amintattu waɗanda ke bayyana lissafinsu, mu kuma matsa wa wakilanmu a majalisar tarayya su riƙa tambayar Ma'aikatar Harkokin Waje yadda Nijeriya ke kaɗa ƙuri'a da dalilinta, domin kada abin da ya faru a 2014 ya maimaitu muna barci.

Daga ƙarshe muna jan kunnen matasanmu. A Oktoban 2001 an fito zanga-zanga a Kano a kan harin Amurka a Afganistan, abin ya rikiɗe ya zama tarzoma, aka kashe mutane aka ƙone dukiya tsakanin Fagge da Sabon Gari, ba a taɓa ko gashin wanda ya jefa bom a Kabul ba. Ɗan kasuwar da ke sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari ba shi ya sa hannu a yarjejeniyar dala biliyan 38 ba. Maƙwabci ne, yana da haƙƙin maƙwabtaka, jininsa da dukiyarsa haramun ne. Abin da ke tsakaninmu da shi hujja ce da kyakkyawar magana. Mu tuna masa cewa a taron Alƙahira na 1994 a kan yawan jama'a, ƙasashen Musulmi da fadar Fafaroma sun tsaya sahu guda a kan ƙin mayar da zubar da ciki hanyar tsara iyali. Mu tuna masa cewa Falasɗinawa akwai Kirista a cikinsu, cewa an kashe masu neman mafaka a harabar cocin Porphyrius na Gaza a Oktoban 2023, an kuma kashe mutum uku a cocin Katolika na garin a Yulin 2025. Idan ya yarda da mu cewa ɗan tayi rai ne, to mu roƙe shi ya raka mu zuwa ga jaririn da aka riga aka haifa. Mu ma kuma, da muke kuka domin jaririn Gaza, mu raka kanmu zuwa gadon asibitin da ƙanwarmu ke kwance tana jiran jini.

Allah Ya taimaki raunana a Falasɗinu da ko'ina, Ya sauki matanmu lafiya, Ya raya zuriyarmu a kan Musulunci, Ya wadata mu da halalinSa ga barin dogaro da waninSa, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta.